Ɗana ba ya cin gyaɗa da riɗi, ga bukukuwa sun zo: yaya zan kare shi a gidan dangi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana shekararsa 8, kuma gwajin asibiti ya tabbatar yana da alajin gyaɗa da riɗi. Yana kuma fama da asma. Sau ɗaya ya taɓa cin abin da ke da gyaɗa, jikinsa ya yi borin jini, leɓɓansa suka kumbura, daga nan aka rubuta mana allurar adirenalin guda biyu, wato allurar gaggawa da ake yi idan alajin ya tashi da tsanani. Yanzu ga bukukuwa sun matso, za mu je gidan surukaina mu yi mako guda, gida zai cika da dangi. Surukata tana ganin tsoro ne ya yi mini yawa, ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba. Ina jin nauyin yi mata musu. Yaya zan kare shi ba tare da na ɓata wa kowa rai ba? Kuma idan wani abu ya faru, maganin ƙaiƙayi bai wadatar ba sai an yi allura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ku shirya ku tafi, babu dalilin raba yaro da 'yan uwansa a ranar farin ciki. Amma abubuwa biyu da kika ambata a tambayarki su ne suka fi tayar mini da hankali: nauyin da kike ji na yin magana, da kuma tunanin ko za a iya kauce wa allura. A wannan lalura, kunya da jinkiri sun fi gyaɗar kanta haɗari, domin gyaɗa ana iya gane ta a guje mata.

A gida ke kaɗai kike sayen kayan abinci, ke kike girki, ke kike zuba wa yaro. Ranar biki kuwa hannun da ke miƙa masa abu ya ninka goma, kuma yawancin masu miƙawar ba su san komai game da lalurarsa ba. Wani bincike da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada a shekarar 2020 ya duba yaran da aka kai asibiti saboda mummunan tashin alaji. Ya gano cewa wanda gyaɗa ke jawowa yana ƙaruwa da kusan kashi 85 cikin ɗari a lokacin bikin Halowin, da kashi 60 a lokacin Ista, bukukuwan da yara ke karɓar alewa da cakulan daga hannun mutane daban-daban. Ba a ga irin wannan ƙari ba a Kirsimeti da wasu bukukuwan da aka fi ci a cikin iyali. Kuma abin ya fi taɓa yaran da suka kai shekara 6 zuwa sama, wato waɗanda an fara sakar musu mara suna yawo su kaɗai. Ɗanki yana cikin wannan rukuni. Don haka idonki ya fi kamata ya kasance a kan abin da ake ba shi a tsakar gida da bakin ƙofa, fiye da abin da ke kan farantinsa lokacin da kowa ya zauna.

Mu koma kan shawarar surukarki, don kada ki je ki kasa ba ta amsa. Ta faɗa ne da kyakkyawar niyya, amma shawarar tana iya kashe yaro, kuma ba ƙari nake yi ba. Alaji ba ƙyanƙyami ba ne, ba kuma raunin ciki ba ne irin na wanda madara ke sa wa kumburi da gudawa. Garkuwar jikin yaron ce ta ɗauki furotin ɗin gyaɗa a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa sinadarin da ake kira IgE. Da zarar furotin ɗin ya shiga, wasu ƙwayoyin jiki sai su saki sinadarin histamin da ire-irensa a lokaci guda. Jijiyoyin jini su buɗe, ƙarfin bugun jini ya faɗi, hanyoyin numfashi su tsuke, maƙogwaro ya kumbura. Wannan yakan fara cikin 'yan mintuna, galibi kafin awa biyu, kuma ɗan ɓarɓashin da bai kai ƙwayar gyaɗa ɗaya ba ya isa ya tayar da shi ga wasu yaran. Gaskiya ne akwai maganin da ake yi ta hanyar ba da ɗan kaɗan a hankali. A Amurka ma an amince da wani irinsa mai suna Palforzia a shekarar 2020. Amma ana auna shi ne da miligiram, ana ƙara adadin a asibiti a gaban likita, da adirenalin a ajiye, kuma duk da haka wasu yaran sukan tashi da alaji a yayin yinsa. Yin haka a gida da cokali caca ce da ran yaro.

Kada kuma ki bari a kafa miki hujja da cewa wancan karon ai borin jini ne kawai. Tashin da ya wuce ba ya nuna yadda na gaba zai kasance. Ya danganta da yawan abin da aka ci, da yanayin jikin yaro a ranar, da halin da asmarsa ke ciki. Alajin madara da na ƙwai yara da yawa sukan rabu da shi in sun girma, amma na gyaɗa kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ke rabuwa da shi, kuma likita ne zai tabbatar da hakan ta gwaji.

Batun magana da suruka, ba ke ya kamata ki ɗauki wannan nauyi ke kaɗai ba. Maigidanki ɗanta ne, daga bakinsa maganar za ta fi shiga. Ya kira ta tun kwanaki kafin tafiya, ba ranar da kuka sauka ana tsakiyar hidima ba, lokacin da duk wata magana a kan abinci takan zama kamar kushe girkin mai gida. Ya faɗa mata a taƙaice: likita ya ce ko kaɗan yaron ya ci numfashinsa na iya tsayawa, kuma muna roƙon ki taya mu tsaron sa. Na sha ganin kakar da ta fi kowa musu ta koma ta fi kowa sa ido, da zarar an ba ta aikin a hannunta maimakon a riƙa kaffa-kaffa da ita. Idan kuna da takardar asibiti, a nuna mata. Sa'annan ku tsayar da doka ɗaya da kowa zai iya riƙewa, har yara ƙanana: ba wanda zai ba shi komai ya ci ko ya sha sai ta hannun uwarsa ko ubansa. Wannan ya fi sauƙi a kan ki koya wa mutum ashirin sunayen abubuwan da riɗi ke ɓuya a ciki. Ku kuma raba tsaro tsakaninku a fili, ku ce daga yanzu zuwa yamma kai ne, daga nan ni ce. A taro, abin da ke faruwa shi ne kowa ya ɗauka wani yana kallo.

Sai kicin, inda yawancin kuskure ke faruwa ba tare da kowa ya sani ba. Mai girki za ta rantse miki ba ta sa gyaɗa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Amma ludayin da ta juya wannan tukunya da shi ya fito ne daga waccan, ko injin markaɗen bai wanku ba, ko wuƙa da katakon yanka ɗaya aka yi amfani da su, ko man da aka soya wannan shi aka soya wancan. Wuta ba ta kashe furotin ɗin gyaɗa ko na riɗi. Dafuwa, suya da gashi duk ba sa sa shi ya zama lafiya. Tsame gyaɗar daga saman abinci ma ba ya magani, ta riga ta bar abin da ta bari. A kula da mai sosai. Man gyaɗar da masana'anta ta tace ƙwarai kusan babu furotin a cikinsa, amma wanda aka matse ba a tace ba yana ɗauke da shi, haka man riɗi, wanda galibi ba a tace shi. A gidan wani ba za ki san wanne ne a cikin kwalba ba, don haka ki ɗauke su duka a matsayin haramtattu gare shi.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ki tafi da ƙaramar tukunya, da cokali, da faranti, da soson wanke-wanke na yaron, da man da kika amince da shi. Ki dafa nasa da farko kafin kicin ya cika, ki rufe, ki ajiye a sama inda wani abu ba zai ɗiga ciki ba. Idan abincin taro ne da kika tabbatar da yadda aka yi shi tun daga farko, a ɗebi nasa kafin kowa ya sa cokali. Da an fara layi, cokula sun fara yawo daga wannan kwano zuwa wancan, to wannan teburi ya fita daga lissafinsa. Ki yi ƙoƙari nasa ya yi kama da na sauran yara, domin yaron da ya ga ana cin abin marmari shi yana riƙe da wani abu daban shi ne wanda zai saci jiki ya ɗanɗana.

Wanke hannu kuma sai da sabulu. An gwada wannan a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 2004: sabulu da ruwa, da kuma tsumman goge hannu mai jiƙe na kanti, suna cire furotin ɗin gyaɗa, amma ruwa zalla da sanitaiza ba sa cire shi yadda ya kamata. Sanitaiza ƙwayoyin cuta take kashewa, furotin kuwa ba rai gare shi ba balle ya mutu. 'Yan uwansa da suka ci gyaɗa su wanke hannu da baki kafin su koma wasa, kuma kada a yi tarayya a kofi ko kwalbar sha. Sai dai ki kwantar da hankalinki a kan ƙamshi. Jin warin gyaɗa daga nesa ba ya jawo mummunan tashi, taɓa fata kuma yawanci ja da ƙaiƙayi yake kawowa a wurin da ya taɓa. Haɗarin gaske yana cikin abin da ya shiga baki. Na faɗi haka ne don kada tsoro ya sa ki kulle yaro a ɗaki.

Kayan kanti da tsarabar baƙi suna da nasu tarkon. Dokar rubuta abin da ke cikin abinci ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar 2004 ta tilasta bayyana abubuwa takwas: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su kashu, gyaɗa, alkama da waken soya. Riɗi bai shiga jerin ba sai 1 ga Janairun 2023. Tarayyar Turai kuwa abubuwa 14 ta lissafa, riɗi na ciki. Wasu ƙasashen dokarsu ba ta kai haka ƙarfi ba. Ma'ana, kayan da wani ya zo da su daga tafiya ba lallai su bi ƙa'idar da kika saba da ita ba. Ki karanta jerin kayan haɗin duka, kowane lokaci, ko da biskit ɗin da kuka saba saye ne, domin kamfanoni sukan fitar da na musamman don biki, ko ƙananan ƙunshi, da haɗi daban ko daga wata masana'anta. Rubutun nan na cewa mai yiwuwa akwai ɓurɓushin gyaɗa, a yawancin ƙasashe ganin dama ne ba dole ba. Idan kin gan shi ki ajiye kayan. Idan ba ki gan shi ba, wannan ba shaida ba ce cewa babu. Abin da ba shi da rubutu kwata-kwata, kamar kek da kayan zaƙin da aka yi a wani gida aka aiko, ba nasa ba ne. A Birtaniya sai da wata yarinya 'yar shekara 15 ta rasu a 2016, bayan ta ci burodin da aka gasa da riɗi a ciki ba tare da an rubuta a jikin ledar ba, kafin aka yi dokar tilasta rubuta kayan haɗi a jikin irin wannan abinci, da ake kira Dokar Natasha, da sunan yarinyar, wadda ta fara aiki a Oktoban 2021. Riɗi ya iya ɓuya: a cikin burodi, a haɗin kayan ƙamshi, a miyar da aka niƙa.

Akwai wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba, kuma ya shafi lokacin biki kai tsaye. Adadin gyaɗar da jiki ke iya jurewa kafin alaji ya tashi ba ɗaya ba ne kullum. Wani gwaji da aka yi a Ingila kan manya masu alajin gyaɗa, aka buga a 2019, ya nuna cewa rashin barci da motsa jiki, kowannensu yana rage wannan adadi da kusan kashi 45 cikin ɗari. Mura da zazzaɓi ma suna sa tashin ya fi muni, haka magunguna irin su asfirin da ibuprofen ga wasu mutane, da giya ga manya masu sha. To dubi yaro a makon biki: ya kwana a makare, ya yini yana guje-guje, wataƙila ya kwaso mura daga 'yan uwa. Ga kuma asma, wadda idan ba a shawo kanta ba tana cikin manyan abubuwan da ke sa alajin abinci ya kai ga rasa rai. Idan kwanakin nan yana tari da dare ko yana yawan neman abin shaƙarsa, ki kai shi wurin likitansa kafin tafiya, kuma kada maganin asmarsa na kullum ya tsaya saboda hidima.

Shi ma yaron a sa shi cikin shirin. Ɗan shekara 8 ya isa ya iya cewa, na gode, sai na tambayi Mama. Ku maimaita wannan a gida har bakinsa ya saba, domin ƙin karɓar abu daga hannun babba yana yi wa yaro mai tarbiyya wuya. Ki kuma yi masa alkawari, ki cika, cewa idan ya ci wani abu bisa kuskure ko ma da gangan, ya zo ya faɗa ba za a yi masa faɗa ba. Yaron da ke tsoron duka yakan shige banɗaki ya rufe ƙofa lokacin da maƙogwaronsa ya fara kumbura. Yara ba sa cewa ina da alaji. Cewa suke bakina yana yaji, harshena ya yi nauyi, wani abu ya maƙale mini a wuya.

Yanzu tambayarki ta biyu. A'a, maganin ƙaiƙayi bai wadatar ba. Magunguna irin su cetirizine suna rage borin jini da ƙaiƙayi, amma sukan ɗauki rabin awa ko fiye kafin su fara aiki, kuma ba sa buɗe hanyar numfashi, ba sa ɗaga ƙarfin bugun jinin da ya faɗi. Wurinsu shi ne lokacin da abin ya tsaya a fata kawai, 'yan ƙuraje ko ɗan kumburin leɓe, yaro yana numfashi lafiya yana magana daidai, ke kuma kina zaune kusa da shi kina kallo. Amma da zarar kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, allura ce nan take: murya ta dishe, haɗiya ta gagara, harshe ya kumbura, tari ya ƙi tsayawa, numfashi yana fita da ƙara ko da ƙyar, jiri, jiki ya saki, fuska ta koɗe, ko ya suma. Haka idan abin ya haɗa wurare biyu, misali borin jini ga kuma amai a kai a kai. Kada ki jira ganin ƙuraje, domin kusan mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma da ke shiga wannan hali, wanda likitoci ke kira anafilaksis, babu abin da ke fitowa a fatarsu. Kuma tunda yana da asma: idan numfashinsa ya sarƙe bayan ya ci wani abu, adirenalin da farko, abin shaƙa daga baya.

Na san hannun uwa yakan yi rawa a nan. Ki riƙe wannan a ranki: idan kika yi allurar alhali ba a buƙace ta ba, abin da zai faru shi ne bugun zuciya ya ƙaru, jiki ya yi ɓari, ya ɗan koɗe, sa'annan ya wuce. Idan kika jinkirta alhali ana buƙata, wannan shi ne abin da ake yawan samu a bayanan waɗanda suka rasu. In kina shakka, ki yi.

Ana yin ta a gefen cinya ta waje, tsakiyarta, ko ta kan wando. Ki riƙe ƙafarsa da kyau kada ya fizge, ki danna ki riƙe na daƙiƙoƙin da aka rubuta a jikin allurar, wasu 3 wasu har 10. Ki duba agogo ki riƙe lokacin. Wani ya kira motar asibiti ko ya tayar da mota. Yaron ya kwanta a bayansa a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ya fi masa sauƙi a zaune, ya zauna da ƙafafu a miƙe. Idan yana amai ko ya suma, a juya shi gefe. Kada a tsayar da shi, kada a ce ya taka zuwa mota ko da ya ce ya ji sauƙi, a ɗauke shi a kwance. Miƙewa tsaye farat ɗaya lokacin da jini ya taru a jijiyoyin da suka buɗe yana iya hana zuciya samun jinin da za ta harba. Kada a ɗura masa ruwa, madara ko mai, kada a sa shi amai. Idan minti 5 ya wuce babu sauƙi, a yi ta biyu a ɗaya cinyar. Kuma ko ya warware sarai, asibiti dole ne, domin ga wasu kaɗan abin yakan dawo bayan 'yan awanni ba tare da sun sake cin komai ba.

Kafin ku tashi, ki fito da allurorin biyu ki duba ranar lalacewarsu, ki kuma leƙa ruwan ciki. Ya zama garau, in ya canza launi ko ya yi gurɓi-gurɓi a sauya. Ki tambayi likita ko ƙarfinsu ya dace da nauyinsa na yanzu, domin ana tashi daga miligiram 0.15 zuwa 0.3 idan yaro ya kai wajen kilo 25 zuwa 30, kuma ɗan shekara 8 yana bakin wannan iyaka. Adirenalin ba ta son zafi, ba ta son ƙanƙara: ba a barin ta a mota a rana, ba a sa ta a firji. Idan jirgi za ku hau, ta kasance a jakar hannu tare da takardar likita. A gidan kuma kada ta kwana a ƙasan akwatin da aka kulle a ɗakin da wani ya tafi da makullinsa. Duk inda yaron ya je, ƙaramar jakarsa ta bi shi, ko da maƙwabta ne. Ranar da kuka sauka, ki zaɓi manya biyu masu natsuwa ki nuna musu yadda ake yi da allurar gwaji marar tsini, idan kina da ita, ki kuma sa maigida ya gano asibiti mafi kusa da ke karɓar marasa lafiya dare da rana, ya tabbatar yana buɗe a ranakun hutu, ya san hanyar zuwa da minti nawa take ci.